Dutsen Taimamar Inna Sadiyatu

A ɗakin Inna Sadiyatu, can ƙuryar gidan marigayi Malam Gidaɗo da ke Ƙofar Taramniya, akwai wani dutse da ke zaune a kan faifai kusa da buzun salla. Girmansa ya kai na ƙaramar ƙwarya, launinsa kamar na furar gero kafin a zuba mata nono, gefe ɗaya ya yi sulɓi saboda yawan shafa. Malam ne ya tsinto shi wajen Kalambaina tun yana da ƙarfin tafiya ƙauye, ya kawo shi gida yana danne takardu kada iska ta kwashe. Bayan rasuwarsa ciwon fata ya kama Inna, irin wanda ke tsattsage hannu da fuska da zarar ruwa ya yawaita taɓa su. Likita ya hana ta alwala, dutsen ya samu sabon aiki. Shekara bakwai ke nan a kansa take taimama, sau biyar kowace rana.

Rahma jikarta ce ta wajen ɗa. Ta taso tana ganin dutsen nan kamar yadda take ganin turmi da randa, ba ta taɓa tsayawa ta dube shi ba. Yanzu tana digiri na biyu a jami'a, a sashen nazarin duwatsu, kuma bincikenta a kan farin dutsen Kalambaina ne da halittun da ke binne a cikinsa. Wata Alhamis ta dawo daga aikin daji na kwana uku, rana ta ƙona mata fuska, ta shiga gaida kakarta bayan La'asar.

"A'a, ga mai tonon ƙasa ta dawo," in ji Inna. "An samo zinariyar?"

"Inna, ba zinariya muka je nema ba."

"To mi kunka je nema? Mutum shi kwashe shekara shida jami'a, shi ƙare ga tsintar tsakuwa. Dubi hancinki, kamar an gasa gujiya."

"Ai hancinki na gado, ki yi kuka da kanki."

Inna ta yi dariya har da tari, ta ce ta matso da faifan gefe ta samu wurin zama. Rahma ta ɗaga dutsen da hannu biyu. Da ma a koyaushe gefen mai sulɓi ne ke sama. Ranar nan ya juye mata a hannu, hasken taga ya faɗa a kan cikinsa.

Ta ga naɗi. Dutsen ya naɗe kansa kamar gammo, daga tsakiya yana buɗewa zuwa baki, ga wasu siraran layuka sun gitta shi a jere, kowane ya lanƙwasa kamar jinjirin wata. Kwana uku ta yi a rana tana fasa duwatsu da guduma don ta samu ko da rabin irin wannan, ba ta samu ba sai ɓaraguzai. Ga shi cikakke a ɗakin da take shan fura tun tana rarrafe.

"Inna! Kin san abin da ke ɗakinki kuwa? Wannan dabba ce!"

Murna ta sa bakinta ya yi ta gudu. Ta ce a wani zamani mai nisa, kafin a yi mutum a wannan yanki, duk ƙasar Sakkwato teku ce. Ta ce inda kasuwa take yanzu kifaye ne ke kai da komo a sama, ruwan ya fi tsawon hasumiya zurfi. Ta ce wannan wata irin katantanwar teku ce mai ɗakuna a cikin ɓawonta, tana girma tana gina sabon ɗaki tana toshe tsohon, layukan nan su ne bangayen ɗakunan. Tana yi tana bin su da ɗan yatsa, ba ta lura tsohuwar ta daina dariya ba.

"Dabba kic ce?"

"Dabba, wallahi. Dakta, malaminmu, zai yi murna in ya..."

"Ɓawon dabba."

"Eh, wato..."

"Aje shi can bakin ƙohwa," in ji Inna a hankali. "Ki ce wa uwarki ta aiko min da rairayi cikin tire kahin Magariba."

Sai a lokacin Rahma ta ji abin da ta faɗa. Inna ɗiyar malamai ce, matar malami, ita kanta matan unguwa na zuwa ɗaukar karatun fiƙihu a wurinta kowace Asabar. Ta san da ƙasa ake taimama, da yashi, da dutse, da duk abin da yake jinsin ƙasa ne. Ba a yi da ƙashi, ba a yi da ɓawon wata halitta. In kuwa tsarki bai inganta ba, salla ba ta inganta ba.

Kafin gari ya waye Inna ta gama lissafinta da ka. Shekara bakwai ta lissafin Hijira, salla biyar a yini: dubu goma sha biyu da ɗari uku da casa'in. Ta ce za ta rama su duka. Kowace rana, ban da nata na ranar, za ta kawo na kwana uku, kuma kowace farilla da tata taimamar. Ta roƙi Allah Ya ara mata shekara biyu da rabi ta gama.

Shekarunta tamanin da ɗaya. Lokacin kuwa bazara ce, irin wadda ko ƙadangare ke neman inuwa. Cikin mako guda ƙafafunta suka kumbura, ta koma yi a zaune. Rairayi ya cinye mata tafin hannu, tsagun da suka daɗe da rufewa suka buɗe. Ta bar barcin rana. Matan Asabar suka zo da littattafansu, aka ce su yi haƙuri. Rahma kan leƙa ta taga ta hango ɗan ƙaramin jikin nan yana sunkuyawa yana ɗagowa, sai ta koma bayan ɗaki ta yi kuka. Ko a ɗakin gwaje-gwaje ta zauna, sunkuyon nan take gani.

Aka kira Baffa Jelani, yayan mahaifin Rahma, babban ɗan Inna, wanda ya yi alƙalanci har ya aje aiki. Ya zauna bakin buzu ya jira ta sallame.

"Inna, abin da yar rikiɗa yak koma dutsi, ai dutsi na. Kuma dabbar ruwa ba ta da najasa."

"Wa yac ce najasa? Cewa nic yi ba ƙasa ba ta. Madara ma tsarki gare ta, ka taɓa ganin an yi taimama da cuku?"

"To ai ya rikiɗa."

"Ka gani da idonka?"

Baffa ya gyara hula.

"Jelani, ni nik koya maka babin tsarki kana zubar da majina. Kai alƙali na. Shaida guda ta zo, wadda ta san duwatsu, ta ce dabba ta. Kai ba ka san duwatsu ba, ka ce ya rikiɗa don kana tausayin uwarka. Haka ka ka shari'a can kotu?"

Baffa ya fito yana share gumi. Ya sami Rahma tsaye a gindin dalbejiyar tsakar gida.

"Ɗiyata, ke kib buɗe wagga ƙohwa, ke za ki ruhe ta. Hukunci shina hannuna, amma ba ta karɓa sai da hujja. Ki kawo min abin da dutsin ga yake, ba abin da shi ka kama da shi ba."

Rahma ta san amsar tun ranar farko, a karatu. Galibin irin waɗannan, dabbar ta mutu ta nutse, laka ta cika ɗakunan, lakar ta daskare ta zama dutse, ɓawon kuma ruwa ya narkar da shi tuntuni. Abin da ya rage siffa ce kawai, kamar yadda alkaki ke ɗaukar siffar hannun mai naɗa shi. Ta faɗa wa Inna haka har sau uku. Inna ta ce jiya dabba, yau laka, gobe kuma me?

Don haka ranar Litinin ta zo da wata 'yar kwalba daga makaranta, mai ruwan asid marar ƙarfi da suke gwada duwatsu da shi. Ta durƙusa gaban Inna da Baffa, ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan dutsen. Wurin ya yi kumfa yana ƙara, shuuu, kamar an jefa kanwa a tsamiya.

"Kin gani? Farin dutse kaɗai ke yin haka. Irin wanda ake siminti da shi."

Inna ta kalli kumfar har ta mutu. Sannan ta jawo wani tsohon gwangwani daga ƙarƙashin gado, ta tona cikin maɓallai da allurai, ta fito da wuri guda ɗaya, irin kuɗin mutanen da.

"Wanga dai kowa ya yarda ɓawon dabbar teku na. Ɗiga mai."

Rahma ta san abin da zai faru tun kafin ta ɗiga. Wurin ya yi kumfa, shuuu, har ya fi na dutsen.

"To," in ji Inna. "Ruwanki bai san bambanci ba. Jelani, matsa min, lokaci shina wucewa."

Baffa ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ya kasa, ya fita da ita waje. Rahma ta zauna da kwalba a hannu, kunya da sha'awar tsohuwar nan suka haɗu suka cika mata ciki.

Washegari ta kai maganar ga Dakta Maigandi, mai duba bincikenta. Dogon mutum ne mai furfura a gemu, ofishinsa cike da duwatsu har kan kujerun baƙi, duk wanda ya zo sai ya ɗauke ƙashin bayan wani kifi kafin ya zauna. Ya saurare ta har ƙarshe. Da ta kai kan yadda Inna ta fito da wuri sai ya buga tebur yana dariya.

"Wannan tsohuwa ita ya kamata a ba kujerata! Shekara nawa ina gaya maku, in za ku gwada abu ku gwada shi tare da abin da kuka riga kuka sani? Ba wanda ya ji. Ita wa ya koya mata?"

"Dakta, ƙafafunta sun kumbura."

Ya daina dariya. Ya ce hanya ɗaya ce. A yanki ɗan ƙaramin yanki daga dutsen, daga baki zuwa ciki, a manna a gilashi, a goge shi har ya fi fatar albasa siranta, haske ya riƙa ratsa shi, sannan a sa a madubin ƙara girma. In akwai sauran ɓawo za a gan shi, don saƙarsa daban take da ta laka. Ya ce shi a son ransa ba zai so a taɓa cikakken abu irin wannan ba, amma mutum ya fi dutse.

Rahma ta ɗauka Inna za ta ƙi, tunda abin hannun Malam ne. Tsohuwar ta kalli dutsen a inda yake tun ranar Alhamis, bakin ƙofa, kaji na zagaya shi.

"Shi da kanai da ya bari a yanka," ta ce. "Mutumin da yat taɓa hwasa agogonai don shi ga abin da ka motsi ciki. Amma ku yanka ta gehen da ban shahwa."

Malam Bawa, ma'aikacin da ke kula da injinan sashen, shi ya yi aikin. Ya kusa ritaya, hannunsa ba ya rawa. Ya yanki yanki kamar tsawon ɗan yatsa, ya kwana biyu yana goga shi a kan faranti da garin guga da ruwa, yana ɗagawa yana duba shi a hasken taga, yana mayarwa. Da Rahma ta matsa masa da sauri sai ya ce, "Hajiya ƙarama, abin da ya yi shekara miliyan sittin yana jira, bari ya ƙara kwana ɗaya. In na huda shi sai mun sake yanka."

Ranar Alhamis da hantsi ta sa gilashin a madubi, ta kunna fitilarsa, ta fara daga bakin dutsen inda ɓawo ya kamata ya kasance. Babu. Ta bi gefen kaf daga sama har ƙasa. Babu ko ɓurɓushi. Inda bangayen ɗakuna suke a da, 'yan tsagu ne kawai da wasu ƙananan duwatsu masu ƙyalli suka tsiro suka cike. Ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi har Malam Bawa ya leƙo.

Sannan ta matsa gilashin zuwa ciki, cikin lakar kanta, ta ƙara girman.

Lakar ba laka ce zalla ba. Cike take da wasu 'yan mitsi-mitsin halittu, kowace ba ta kai ƙwayar gero ba, wasu ba su kai ƙwayar gishiri ba. Wata a naɗe, wata kamar zangarniya, wata kamar carbi da aka tsinke. Dubbai. Kowace da ɗan ɓawonta. Rahma ta san su sarai, rabin kundin bincikenta a kansu yake, sunayensu ma ta haddace. Tsabar son ta ga babu babban ɓawon ce ta mantar da ita cewa ƙananan na nan suna jiran ta.

Ta daɗe zaune. A madubin akwai abin ɗaukar hoto. Tana iya ɗaukar bakin dutsen kawai, ta kai gida, ta ce ga shi, babu ɓawo, kuma ba ta yi ƙarya ba. Inna za ta samu ta kwanta ta yi barcin rana yau ɗin nan. Wa zai sani? Dakta Maigandi ya shigo, ya sa ido ya duba, ya ɗago ya dube ta, ya ce, "Kyakkyawan yanka. Bawa ya iya aiki." Ya fita.

Ta ɗauki hoton bakin. Ta tashi za ta kashe fitila, sai ta tuna yadda Inna ta tona gwangwani ta fito da wuri. Matar da ta ƙi yarda da ɗanta alƙali don ta ga tausayi a maganarsa, ita za a kai wa rabin magana? In ta karɓa ma, a kan abin da aka ɓoye mata ta karɓa, kuma sallarta ce. Rahma ta koma ta zauna ta ɗauki hoton cikin.

Ta sami Inna tsakanin salla da salla, tana shafa man kaɗanya a tsagun hannu. Ta nuna mata hoto na farko a waya, ta yi bayani. Fuskar tsohuwar ta fara sakewa. Sai Rahma ta nuna na biyu.

"Waɗanga hwa?"

"Su ma halittu ne, Inna. Ƙanana. Suna cikin lakar. Da ɓawonsu."

"Da kin so, da ba ki gwada min wanga ba."

"Da na so in ɓoye shi."

Inna ta kama kunnen jikarta ta ɗan ja, kamar yadda take yi mata tana ƙarama, ta saki.

"Ban yarda da hoton waya ba. Jiya anka gwada min wani da rago ka tuƙa mota. Ki ce wa Jelani shi kawo mota gobe in an sauko Juma'a. Ni ka zuwa in gani."

Rabon Inna da fita unguwa tun wani suna a Ƙofar Atiku, shekara biyu da suka wuce. Aka naɗe ta a bayan mota da matasan kai, dutsen a cinyarta cikin ɗankwali, tiren rairayi a but. Hanyar jami'a doguwa ce, ta ratsa fadama, masu shinkafar rani na sunkuye cikin kore. Inna ta yi ta kallon filin nan shimfiɗe har iyakar gani.

"Nan duka ruwa?"

"Duka, Inna. Har Nijar, har gaba."

"Ikon Allah. Shi ya sa ƙasar tak kwanta haka."

Dakta Maigandi ya dawo daga masallaci ya buɗe masu ɗakin gwaje-gwajen da kansa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ta tambaye shi ɗan wane gida ne, ta gano ta san kakarsa. Malam Bawa ya kawo kujera mai taya, ya sauke madubin kan ƙaramin tebur daidai tsawonta. Inna ta cire tabarau, ta kanne ido ɗaya.

"Ban ganin komi sai girata."

"Buɗe duka biyun, Inna. Matso kaɗan. In juya wannan, ki ce min in ya fito."

Rahma na juya maɓallin a hankali. Can sai tsohuwar ta ɗauke numfashi.

"Tsaya! La ilaha illallahu. Tsaya nan."

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Inna ta yi kusan minti biyar ba ta ɗago ba, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai yi wa jarirai wasa. Ga wata kamar tulu. Ga wata ta yi kitso. Kai, ke kuma wa yam murɗe ki haka? Baffa Jelani ya matso yana son ya gani, ta ture shi da gwiwar hannu ba tare da ta dube shi ba.

Da ta ɗago, idonta ya yi ruwa saboda haske. Ta ce, "To. Na gani. Halittu na." Muryarta ta faɗi.

Dakta ya ce, "Hajiya, in kin ba ni izini. Ba naki kaɗai ba ne haka." Ya jawo wani dogon aljihun tebur. Gilasai ne jere a ciki, ɗaruruwa, kowane da 'yar takarda manne a gefe. Ya ce wannan aikin ɗalibai ne na shekara ashirin: dutsen Kalambaina, na Wamakko, na Kware, na Dange, wanda aka fasa a gefen hanya, wanda masu haƙar rijiya suka fito da shi, wanda makiyayi ke buga hannu a kai ya yi taimama in salla ta riske shi nesa da ruwa. Duk farin dutsen yankin haka cikinsa yake. Ya zaro ɗaya zai sa mata.

"A'a. Kai ka san wanda za ka zaɓa. Ni ka zaɓe."

Ta rufe ido ta sa hannu, ta zaro huɗu daga wurare daban-daban. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Ga tulun, ga mai kitson, ga zangarniyar. Ta taɓa leɓe. Sannan ta ce wa Malam Bawa ya kawo mata abin da zai rufe rubutun. Ya kawo baƙin salatif, ta sa ya manne takardun duka biyar, har da nata. Ta sa su ƙarƙashin mayafi ta cuɗa su a hankali, ta jera a tebur.

"Likitan duwatsu, zo ka hidda min nawa."

Dakta Maigandi ya dubi Rahma, ya dubi Bawa, ya naɗe hannun riga ya zauna. Ya duba na farko, ya duba na biyu, ya koma na farko. Ya ƙara girma, ya rage. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Bayan wani lokaci ya ɗaga na huɗu.

"Ina jin wannan ne. Amma ba zan rantse ba."

"Ke kuma, mai hancin gujiya?"

Rahma ta zauna. Kwana ɗaya kacal da ta ƙura wa gilashin nan ido, ta ɗauka za ta gane shi ko a mafarki. Ta guje wa gefuna, don ta san tsagun bangaye za su tona shi, kuma ba siffa ake tambaya ba, jikin dutsen ake tambaya. Ta dubi tsakiyar kowane. Laka ɗaya, halittu ɗaya, launi ɗaya.

"Na biyu," ta ce. "Ko na biyar. Inna, ban sani ba."

Malam Bawa ya ɓare salatif. Na huɗu dutsen rijiya ne daga Kware. Na biyu daga gefen hanyar Wamakko. Na biyar daga Dange. Na Inna shi ne na uku, wanda ba wanda ya ko taɓa zato.

Dakta ya kama kai yana dariya. "Shekara talatin ina wannan aiki! Bawa, kada ka gaya wa ɗalibai."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta juya kujerar ta fuskanci ɗanta, ta gyara mayafi kamar mai zama gaban shari'a.

"To, alƙali. Shaidu biyu, masana, sun kasa raba shi da dutsin da Allah Ya shimhiɗa muna ƙarƙashin ƙahwa. Yanzu ka ga da idonka. Yanke."

Baffa Jelani ya sa ido a madubin, ya duba na uku, ya duba na huɗu, ya daɗe. Da ya ɗago sai ya yi magana da muryar da Rahma ba ta taɓa ji a gida ba, a natse, kalma bayan kalma. Ya ce abin da ya zama jikin ƙasa, ake fasa shi daga ƙasa, ake kiran sa dutse a bakin masana da jahilai, ƙasa ne, ko mene ne asalinsa. Ya ce ba a ɗora wa bawa ya bincika abin da ido ba ya gani a cikin turɓaya ba. Ya ce taimamarta ta inganta, sallolinta na shekara bakwai suna nan inda ta aika su, babu ramuwa a kanta ko ɗaya. Allah ne Mafi sani.

"Allah Shi ne Masani," in ji Inna. Ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo, kafaɗunta suka sauka. "Yanzu ka yi shari'a."

Daga masallacin jami'a aka kira La'asar. Mazan suka fita. Rahma ta shimfiɗa darduma a kusurwa tsakanin akwatunan duwatsu, ta tambaya ko ta ɗauko tiren rairayi daga mota. Inna ta harare ta, ta kwance ɗankwalin, ta ɗora dutsen a ƙasa da gefen mai sulɓi a sama. Ta ɗora tsagaggun tafukanta a kai, ta bar su nan ɗan lokaci fiye da yadda ake buƙata, sannan ta shafi fuska.

Rahma ta yi tata sallar a gefe, ta riga ta sallamewa, ta zauna tana kallo. Inna ta kai raka'a ta huɗu, ta yi tahiya, ta sallame. Hannunta ya ɗan motsa wajen dutsen, don kwana goma sha biyar ta saba da sake taimama ta tayar da sallar ramuwa da zarar ta sallame. Sai ta janye shi. Ta miƙe kumburarrun ƙafafunta a kan siminti mai sanyi, ta jingina da akwati, ta yi hamma.

"Rahmatu."

"Na'am, Inna."

"Samo min ruwa masu sanyi in sha. Kuma kada yaron ga Bawa shi kashe hitilar madubin. Akwai wata can ƙasa wajen hagu, na kai ɗaki tara, ban gama ƙidaya ta ba kunka dame ni."